Bututun 'Yar Indiya

A duk faɗin garin Bauchi, daga Gwallaga har Miri, ba a taɓa ƙera ƙarfen da ya gagari Malam Mijinyawa ba. Shi da bakinsa ya faɗi haka, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, domin duk wanda ya san shi ya san ƙarafan da ya yi hulɗa da su a rayuwa ba su wuce tafireta da cokali da makullin mota ba. Dukansu kuwa sun yi masa biyayya daidai gwargwado.

A Gwallaga aka haife shi, bayan jerin 'yan mata, shi ya sa aka laƙaba masa Mijinyawa, sunan yanka ya ɓace tun yana goye. Ya tashi cikin yayye mata. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya, su ma duk mata. Yakan ce shi a duniya bai taɓa rasa mai ba shi shawara ba, mai tura masa mota kawai ya rasa.

Aikinsa buga tafireta ne a ofishin wata makarantar sakandare. Duk takardar jarrabawar da ta hana yaran wancan zamani cin abinci ta yatsunsa ta bi, kuma har ya bar aiki bai san amsar ko ɗaya ba. Ranar da aka kawo kwamfuta ofishin, ya dube ta, ta dube shi, ya ga ashe lokacin fansho ya yi. Ya koma gidansa na Fadaman Mada, ya duƙufa kan aiki ɗaya tilo: goge mota.

Motar tsohuwar Fijo ce, 404, fara mai hasken ƙwai. Ya same ta tun yana matashi daga hannun wani malamin lissafi Ba'indiye da zai koma ƙasarsu, saboda haka ake kiranta 'Yar Indiya. Sa'o'inta duk sun zama kejin kaji ko sun tafi wurin 'yan gwangwan, ita kuwa tana nan tana tashi da makulli, in ta ga dama. Abin da ya bambanta ta da kowace mota a gari shi ne bututun salansarta. Wata shekara, a hanyar dawowa daga Jos, salansar ta faɗi a gangaren Panshanu. Mai waldar da aka samu a bakin hanya ba shi da bututun da zai kai har baya, sai ya lanƙwasa wani gajere mai ƙyalli, ya fito da shi ta gefe, daidai ƙarƙashin ƙofar mai zaman gaba. Mijinyawa ya shigo Bauchi da rugugi kamar hadari, ya shaida wa jama'a haka motocin tsere suke a Turai. Da ya maimaita maganar ya maimaita, shi ma ya yarda.

Mai zaman gaba kuwa ita ce matarsa Habibatu, mutuniyar Miri. Ta jure wa bututun nan tsawon aure. Takan turara kayanta da turaren wuta, ta shafa humra, ta shiga mota tana ƙamshi, ta fita tana warin injin niƙa. Ba ta ce komai ba, sai ranar wani suna da ta sauko da ƙafa, gefen sabon leshinta ya kwanta kan bututun mai zafi. Leshin ya yi huji kamar bakin murhu, ƙwaurinta ya samu tabo. Ta tsaya gaban matan suna, ta ce cikin natsuwa, "Malam, muddin ƙarfen nan yana jikin motar nan, ƙafata ba ta ƙara shiga."

Ya ɗauka fushi ne na kwana biyu. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Duk inda za su, shi ya shiga mota, ita ta tari keke mai ƙafa uku. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da suka je ta'aziyya Miri, yana gaba cikin rugugi, sai ga keken da ta shiga ya wuce shi a kan hanya, tana zaune a baya kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Mutanen Miri suka tarbe ta, suka zauna jiransa. Wani ƙaninta ya tambaye shi ko turo motar ya yi.

To ga shi za a yi yinin bikin 'yar wannan ƙanin nata ranar Lahadi, a Miri ɗin dai. Mijinyawa ya ƙudura a ransa ko ana ha-maza ha-mata, cikin 'Yar Indiya Habibatu za ta isa garinsu, yana tuƙi tana gefe, kowa ya gani. Bututu zai fita. Amma zai fita lafiyayye, ba yanka ba guntulewa, domin yana so ya rataye shi a zaure.

Ya fara da kansa. Ya kwanta kan tabarma, ya dubi inda bututun ya shige cikin bakin tukunyar salansa, an ɗaure su da wani maɗaurin ƙarfe mai noti biyu. Noti na farko ya murje a bakin sifana har ya zama kamar goro. Na biyu ya karye. Ya zuba kalanzir, ya zuba man birki, ya zuba baƙin mai. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka ce lemon kwalba yana cin tsatsa, ya juye masa kwalba guda. Tsatsa ba ta ji komai ba, amma kiyashin unguwa sun gode. Makanikan da ya kira duk bakinsu ɗaya: a yanke. Ya sallame su da addu'ar Allah ya shirya.

Amininsa Irmiya ne ya kawo mafita. Irmiya mutumin Dass ne, shi ke kula da ɗakin gwaje-gwaje a makarantar da suka yi aiki, sun tsufa suna tsokanar juna. Ya zo ya tarar da shi baƙi ƙirin da mai, ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Akawu, ƙarfen da bai gagare ka ba ne wannan?"

"Ban gama da shi ba ne."

"Shi dai ya gama da kai. Kana da mai walda a gida kana wahala. Ka kira Ashiru."

Mijinyawa ya yi kamar bai ji ba. Ashiru mai walda ne a Gwallaga, ƙofofi da tagogi yake yi, kuma kowa ya shaida hannunsa. Matsalar ita ce shi ne mijin Fati, 'yar farin Mijinyawa. A gidansu Mijinyawa ba a kama sunan ɗan fari, balle na mijin 'yar fari. Fati tun haihuwarta "yarinyar nan" ce a bakinsa, ga ta yanzu da 'ya'ya 'yan makaranta. Ashiru kuwa "mai gidan yarinyar nan". Tun da aka ɗaura auren, maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa ba, shi a durƙushe yana kallon ƙasa, surukin yana amsawa yana kallon sama. Ba su taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. In Ashiru ya hango shi a kasuwar Wunti, yakan shige shagon da ba shi da abin saye a ciki. Suna matuƙar ƙaunar juna, kuma kowannensu ya ji labarin haka ne a bakin mata.

"In kunya ce, ni zan tsaya tsakani," in ji Irmiya. "Ka faɗa mini, in faɗa masa. Ni ban da suruki a nan."

Ranar Asabar da hantsi Ashiru ya iso da tukwanen gas da jakar kayan aiki. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Mijinyawa ya amsa wa darbejiyar ƙofar gida, ya shige zaure, ya juya kujera ta fuskanci bango. Irmiya ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

"Irmiya, ka ce wa mai gidan yarinyar nan ta tsufa. A bi ta a hankali, ba ta son gaggawa."

Hausar Irmiya irin ta mutane da yawa ce a ƙasar Bauchi, ba ruwanta da raba mace da namiji. Mota shi, akuya shi, matarsa Agnes ma shi. Ya taka wurin Ashiru ya isar da saƙo da gaskiya da riƙon amana.

"Ɗana, Babanka ya ce ya tsufa. A bi shi a hankali, ba ya son gaggawa."

Ashiru ya ce, "Subhanallahi. Baba Irmiya, a ce masa Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni a ganina da sauransa. Ko jiya na hango shi zai tafi masallaci, garau, ko sanda babu."

Irmiya ya koma zaure. "Ya ce da sauransa. Ya ce ko jiya ya gan shi zai tafi masallaci."

"Motar?"

"Haka ya ce."

"Ita kaɗai?"

"Ko sanda babu."

Mijinyawa ya yi nazari. Can ya ce, "Irmiya, yaron nan yana rufe fuska kuwa in zai yi walda? An ce hayaƙin yana taɓa kai."

Duk da haka aiki ya ci gaba. Ashiru ya shiga ƙarƙashin mota, ya ɓalle ragowar maɗaurin, ya bi mahaɗar da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa zagaye, garin tsatsa na zubo masa a fuska. Ya fito ya yi bayani: bututun ya shige bakin tukunya kamar hannu cikin hannun riga, tsatsa ta haɗe su sun zama abu guda. Za a naɗe wurin da tsumma mai mai ya kwana yana sha. Gobe a gasa bakin tukunyar har ya yi ja ya saki, a daidai lokacin kuma wani ya kama bututun daga waje ya murɗa, kafin ƙarfe ya huce. Aikin mutum biyu ne, kuma dole su riƙa jin juna.

Irmiya ya taƙaita wa zaure: "Ya ce auren da tsatsa ya ɗaura, alƙali ba ya raba shi, sai wuta. Gobe kai za ka murɗa."

"Kai dai za ka murɗa."

"Gobe Lahadi. Ina coci, ni ke karanta sanarwa."

"Ka nemi izini mana."

"Ranar da ka fasa Juma'a saboda injin ban-ruwana, ni ma zan fasa."

Mijinyawa ya duba gabas ya duba yamma. Samarin layin ya riga ya ɓata da su kaf, kan laifin jingina da mota. Ya shiga cikin gida ya sami Habibatu tana jiƙa shinkafar masar da za ta kai biki, ya roƙe ta ta tsaya tsakani gobe, magana kawai za ta riƙa kaiwa.

"Ni? Gaban surukina?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, tsufa ne ko rana ce ta buge ka?"

Da safiyar Lahadi aka ɗaga mota da jak, aka tokare ta da kututture, aka lulluɓe hanyar fetur da jiƙaƙƙen buhu. Ashiru ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Mijinyawa ya tsuguna a gefe, ya zura sandar ƙarfe cikin bakin bututun, ya riƙe da hannu biyu. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, ban da ƙofar mota. Wuta ta kama da huci.

Ƙarfe ya yi ja. Ashiru ya rasa yadda zai ce wa surukinsa "murɗa", domin umarni ne, kuma ba a haife shi da bakin da zai ba wannan mutum umarni ba. Sai ya yi tari. Mijinyawa ya ji tari, ya ce wa iska, "Sannu." Ƙarfe ya huce.

Aka sake. Wannan karon Mijinyawa ya ga kada a ce ya yi sanyi, ya murɗa tun wuta ba ta yi komai ba, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito, motar ta yi girgiza a kan kututture. Bututu ko gezau. Daga cikin gida ƙamshin masa ya fara fitowa, alamar Habibatu ta yi nisa, kuma mai keken da take kira ba ya latti.

Mijinyawa ya share gumi. Ya dubi ƙofar motar, ya ga fuskarsa a jikin fentin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gogewa. Ya gyara murya.

"'Yar Indiya," ya ce, "in akwai mai wuta a ƙarƙashinki, ki shaida masa in ƙarfe ya nuna ya sanar da ke. Ni zan ji daga wurinki."

Ƙafafun da ke waje suka motsa, babban yatsa ya sosa ɗan'uwansa. Can wata murya ta fito daga ƙasa, a hankali.

"'Yar Indiya, ki ce an ji."

Daga nan hanya ta buɗe. "'Yar Indiya, ya fara ja, a riƙe da kyau." "'Yar Indiya, an riƙe." "'Yar Indiya, a murɗa dama. Kaɗan. A dawo hagu. A sake dama." Bututun ya yi wata 'yar ƙara kamar ɓera a cikin rumbu, ya tsaya. Ashiru ya shaida wa motar cewa wannan ƙarar alheri ce, a bar shi ya huce a ɗiga masa mai, a sake gasawa, haka za a yi ta yi har ya gaji.

A lokutan hucewar ne abin ya wuce batun ƙarfe. Mijinyawa ya ga ga dama ta samu.

"'Yar Indiya, ki tambayar mini, tarin ƙaramar nan ya sauka?"

"'Yar Indiya, ya sauka. Yanzu haƙori take fitarwa, ta ciji kowa a gida, saura ni."

"Ki ce masa uwarta ma haka ta yi. Tabon yana nan a yatsana."

Ƙarƙashin mota aka yi wata dariya da aka yi ƙoƙarin mayar da ita tari. Ashiru ya samu ƙarfin gwiwa.

"'Yar Indiya, don Allah wa ya shayar da ke lemon kwalba? Kiyashi sun kusa cinye ni da rai."

"Ki ce masa shawarar majalisa ce. Ni da ma ban yarda ba."

"'Yar Indiya, Allah ya saka wa majalisa."

Suka yi hirar tsadar ƙarfe, da gyaɗar bana, da wani maƙwabcin Ashiru da ya sa aka yi masa ƙofar da ta fi ɗakin tsada. Mijinyawa ya gano cewa mutumin da ya ba 'yarsa yana da ban dariya, abin da ba wanda ya taɓa gaya masa. Ashiru ya gano surukinsa yana da murya irin ta sauran mutane. Motar dai ba ta sa baki ba, kuma ba ta sauya wa kowa magana ba, wanda ya sa ta fi Irmiya iya aikin.

A gashi na ƙarshe bakin tukunyar ya yi ja wur kamar gauta. "'Yar Indiya, yanzu! Dama, hagu, a ja waje!" Mijinyawa ya tattara ƙarfin da ya rage masa tun zamanin tafireta, ya murɗa, ya ja. Bututun ya yi kuka mai tsawo, ya juya, ya zame fit. Mijinyawa ya tafi da baya ya zauna daram a ƙasa, ƙafafu sama, hula ta gangara ƙarƙashin darbejiya. Yana faɗuwa ya hango wani ɓawon tsatsa ja zur yana saukowa saitin fuskar da ke ƙasa.

"Ashiru, kanka!"

Ashiru ya kauce, ɓawon ya faɗi kan jiƙaƙƙen buhu ya yi cuu. An kama suna, a fili, da rana tsaka. Bugu da ƙari, ta ƙarƙashin mota Ashiru yana hango sanƙon surukinsa yana walƙiya, abin da ko a mafarki bai taɓa gani ba. Ya kashe wuta, ya rufe ido gam, ya kwanta kamar gawa.

"'Yar Indiya," ya ce da ƙyar, "ni ban ji komai ba. Ban kuma ga komai ba."

Mijinyawa ya rarrafa ya ɗauko hula, ya kakkaɓe, ya kafa ta daidai. Ya miƙe da bututun a hannu kamar wanda ya dawo daga farauta.

"Ki ce masa ba a faɗi komai ba. Ki kuma ce Allah ya yi masa albarka."

Bayan ƙyauren gida wani abu ya faɗi, kamar murfin kwano, aka kuma ji takun mai gudu da dariya a baki.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Ashiru ya zo da dogon bututu, ya lanƙwasa shi, ya bi da shi ta ƙasa har baya, inda hayaƙin motocin mutane yake fita. Aka sauke mota, aka murɗa makulli, ta tashi a bugu na farko, da wata murya mai ladabi da unguwar ba ta san ta da ita ba. Irmiya ya iso daga coci da kwat da littafin waƙoƙi a hammata, daidai lokacin da babu sauran abin yi, ya karɓi bututun ya jinjina, ya ce da ma ya san shi zai fita. Ashiru ya durƙusa ya yi sallama yana kallon ƙasa, Mijinyawa ya amsa wa darbejiya, kowa ya koma matsayinsa da farin ciki.

Da azahar Mijinyawa ya fito cikin babbar riga, ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe. Mai keke ya zo, aka ba shi haƙuri. Habibatu ta fito cikin sabon leshi, ƙamshinta ya riga ta isowa. Ta sunkuya ta duba ƙarƙashin ƙofar, ta ga babu komai sai inuwa. Ta gyaɗa kai.

"Malam, ka yi ƙoƙari. Kai da motar."

"Bismillah, shigo."

"Gaba? Da jikokina, in zauna gaba kamar yaron mota? Riƙe ƙofar dai."

Ta miƙo masa kular masa, ta ce a ɗora a kujerar a kuma tafi a hankali kada ta kife. Ta zagaya ta buɗe ƙofar baya, ta zauna a bayan direba, ta gyara mayafi. Mijinyawa ya tuƙa har Miri yana murmushi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan murfin kula, kuma ba keken da ya wuce su sai biyu ko uku.

Ta ɓangaren da ta zauna ɗin dai, bututu bai taɓa bi ba.